Abin da na cilla a kwarin Mbankolo

Ni tela ne, ƙafata ba ta san komai ba sai taka keken ɗinki, amma abokina ya matsa sai mun hau dutsen Mbankolo kafin ya koma Garwa da zama. Baduku ne, shagonsa na jikin nawa a Briqueterie. Lokacin babban hutun makaranta ne, gari ya yi lumshi, ba rana ba ruwa.

Ya daɗe da shiga wani wasa: mutum ya ɓoye akwati a daji, ya sa wurin a taswirar waya, wasu su bi su nemo. Kullum dariya nake masa, ina cewa ƙato da gemu yana wasan ɓuya. Wannan karon ya ce shi ya ɓoye, kuma akwai abin da ya ajiye mini a ciki. "Da hannunka nake so ka ɗauko, mutumina. Sallamata ce."

Na ce in dai ba zoben azurfar nan na babansa ba ne, wanda na shekara ina roƙo yana hana ni, ya riƙe kayansa. Ya yi dariya kawai.

Muka hau tasi ta Messa, muka sauka a gindin dutsen. Kai, na ji jiki! Jar ƙasa na santsi, takalmina silifas, ina haki ina zaginsa. Da wayar ta nuna mun iso, sai ya miƙo mini ita, ya ce zai ɗan zaga bayan duwatsu, in fara nema.

To, shi ya ce akwati. Ni a wurina akwati abin zuba kaya ne, mai marfi da makulli. Shi nake dubawa, sai ƙafata ta tono wani abu a ƙarƙashin saiwar wata bishiyar mangwaro: ɗan dunƙule kamar ƙwai, an ɗinke shi tsaf da baƙar fata, an ɗaure da jan zare. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san abin da ake binnewa a gindin bishiya cikin fata. Na ja da baya ina a'uzubillahi, na samo sanda na ɗago shi don kada in taɓa, na cilla shi can cikin kwari da iya ƙarfina. Har na ji daɗi, wai na kuɓutar da wani bawan Allah daga sammu.

Da ya dawo na tare shi da labari, ina fankama.

"Baƙar fata?" ya ce. "Da jan zare?"

"Wallahi, mugun aiki ne."

"Ni na ɗinke shi, saboda ruwan sama."

Na rasa inda zan sa fuskata. Shekaru ina kallon ɗinkin mutumin nan ta jikin bango, amma ranar ban gane hannunsa ba. Muka gangara kwarin muna yaye ciyawa, ƙaya na yagar mana wando, har la'asar ta wuce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Na tambaye shi me ke ciki, ya ce in bari kawai.

A tasi muna komawa ya ɗora hannu a kan gwiwarsa. Yatsan da zoben yake zama babu komai, sai farin sawu zagaye da shi.