Kwalli a Ɗakin Fata

Wata Juma'a ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji uku a firamare. Ana saukowa daga masallaci Baba ya shigo gidanmu na Jakara da tsohon buhun masara a naɗe a hammata, ya yar da shi a ƙofar ɗakin Hajiya, mahaifiyarsa, ya ce gobe in Allah ya kai mu za a rabu da ita. Ina bakin rijiya ina wanke-wanke, kumfa har gwiwar hannu, amma na san wadda ake nufi. Ita kuwa tana miƙe a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, ta lumshe ido tana kaɗa wutsiya, ba ta san da ita ake ba. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi, Umma ta leƙo daga madafi ta ce idan na gaji da aikin ne in faɗa, ba sai na lotsa mata kwanuka ba.

Mage ce baƙa wuluk, shi ya sa na sa mata suna Kwalli. A bakin kwata na tsince ta tana jaririya, na kawo ta gida a cikin hijabina, na raine ta da nonon da nake ragewa daga furata. Da ta girma sai ta zama 'yar rakiyata. Idan ina shara ta bi tsintsiya tana kai mata cafka, idan muna 'yar carafke da ƙawayena ta shigo tsakiya ta watsa mana duwatsu, idan na zauna tilawa ta haye cinyata tana gurnani har ƙafata ta yi sanyi. Ba zan yi mata shaidar zur ba, ɓarauniya ce ta gaske. Busasshen kifin Umma bai taɓa kwana lafiya ba, kuma sau da yawa ni nake karɓar faɗan. Hajiya ba ta kirana da sunana Hauwa, sai dai Uwar Mage. Ba ta taɓa sakin jiki da Kwalli ba, domin a wurinta baƙar mage ba a rantse mata, mutanen ɓoye kan ari siffarta, wato aljanu, waɗanda ba ta yarda ta ambaci sunansu kai tsaye ba.

Abin da ya jawo buhu shi ne tarin ƙanena Sani, wanda yake goye a lokacin. Ya yi sati biyu yana tari, Hajiya ta ce gashin mage ya haɗiya, kuma idan Hajiya ta yanke magana a gidanmu ta yanku. Yadda ake rabuwa da mage a unguwarmu sananne ne. A saka ta a buhu don kada ta ga hanya, a ɗaure bakin, a kai ta nesa can wajen Goron Dutse a kwance, a juyo ba waiwaye. Na sha ganin irin magunan nan a kan bola, sun rame, yara na jifansu. Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba.

Baba baduku ne, yana sayar da jar fata a kasuwar Kurmi. A shigifar gidanmu, tsakanin zaure da tsakar gida, akwai ɗakin da yake ajiye fatunsa. Saboda ɓeraye ya sa an toshe kowace kafa da siminti da fasassun kwalabe, tagar ɗaya ce 'yar mitsitsiya can sama, ita ma an buga mata waya. Ƙyauren na ƙarfe ne, an kuma ɗaga dokin ƙofar don kada ruwan damina ya shiga. Ba mai taka ɗakin nan sai shi. Da yammacin ranar ya fito da wasu fatu yana ɗaurewa, ya tafi sallar magariba ya bar ƙyauren a sakaye ba kwaɗo. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar 'yar shekara tara. Na sungumi Kwalli na kai ta can ƙurya bayan tarin fatu, na saka ta a wani tsohon adudu tare da guntun tuwo da ruwa a gwangwanin madara, na rufe. A lissafina, idan aka neme ta da safe aka rasa, magana ta wuce, sai in fito da ita da yamma.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne, a gidanmu ba a faɗar tafiya. Hajiya ta ce baki yana ɓata hanya, don haka ko Umma sai jajibiri take ji, mu yara kuwa sai mun ga babu mutum. Na tashi da safe na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar ɗakin fata. Baba ya fita tun bayan asuba zuwa kasuwannin ƙauye sayen fata, kwana biyar zai yi, mukulli yana aljihunsa, buhun kuma ya bar wa Hajiya ta nemi wanda zai kai. Ina tsaye ina kallon kwaɗon Hajiya ta kira ni ta tambaye ni ina magena, an duba ko'ina ba a gan ta ba. Bakina ya riga hankalina, na ce wallahi ban gan ta ba. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce da ma ta sani, mage tana jin magana, ta ji ana zancenta ta yi zuciya ta kama gabanta. Ta naɗe buhun ta cusa ƙarƙashin gado.

Yanzu laifina ya zama biyu, ga mage a kulle ga rantsuwar ƙarya. Da la'asar a Islamiyya na kasa haƙuri, na ɗaga hannu na tambayi Malama, wai wata yarinya ce a lungunmu ta kulle mage a ɗaki ba da gangan ba, mene ne hukuncinta. Na so ne ta ce ba komai. Malama ta ajiye alli ta ba mu labarin matar nan da ta tsare mage, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba har ta mutu, aka saka matar a wuta saboda haka. Ta ce in gaya wa yarinyar ta yi maza ta buɗe. Ta daɗe tana kallona kafin ta koma allo. Na taho gida, duk murhun da na wuce a lungu sai na kawar da kai.

Ranar Lahadi zafi ya yi zafi, ko a inuwa gumi ake. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya kwanta, na lallaɓa shigifa na kara kunnena a ƙyauren, ƙarfen har ƙuna yake. Na ji ta. Ta ture murfin adudun ta fito, tana bakin ƙofa tana karta da farce. Na kira ta a hankali, ta amsa da wata dasasshiyar murya da ban san ta da ita ba. Na ɗauko buta na tsiyaya ruwa ta ƙasan ƙyauren, dokin ƙofar ya dawo mini da shi kan ƙafafuna. Na gwada tura ƙanzo, ya ƙi shiga. Daga ƙarshe na yagi bakin wani tsohon zanen Umma, na jiƙa shi sharkaf, na riƙa cusa shi ta 'yar tsagar da ke tsakanin ƙyaure da bango da tsinken tsintsiya. Can sai na ji an ja daga ciki. Na zauna a ƙasa ina kuka ba sauti, ina jin yadda take tsotsar tsumman. Sau bakwai na jiƙa shi ranar.

Me ya hana ni faɗa? Na sha yi wa kaina wannan tambayar. Baba ba mai duka ba ne, amma idan ka saɓa masa sai ya yi sati bai kira sunanka ba, kuma ni da wannan gara bulala. Ga rantsuwar da na yi wa Hajiya ido cikin ido. Ga buhu yana jira a ƙarƙashin gado. Idan na yi shiru Kwalli ta mutu ni kuma wuta, idan na yi magana Goron Dutse. Na zaɓi tsumma, ina ƙirga kwanakin da suka rage wa Baba a yatsuna.

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na tarar da gida a hargitse. Kukan Kwalli ya canza, ya koma kamar na jariri, Umma ta ji shi da hantsi ta zata Sani ne, ta duba ta ga yana barci a bayanta. Ta kira Hajiya suka tsaya a shigifa. Umma ta ce anya ba mage ba ce, Hajiya ta ce ɗakin da ɓera bai samu kafa ba ta ina mage za ta shiga. Suna cikin haka, tsumman da na manta a tsaga da safe ya motsa a kan idonsu, ya shige ciki shi kaɗai. Umma ta ce ba ta san lokacin da ta kai tsakar gida ba. Hajiya kuwa ta ce magana ta fito, abin da muka yi shekara biyu muna ciyarwa ba mage ba ne, an ce za a kore shi shi ne ya tare a ɗakin ɗanta.

Na same ta ta cika kasko da garwashi, ta zuba tazargade da habbatussauda, ta kawo busasshen barkono cikin tafin hannu ta watsa a kai. Haka ake korar mutanen ɓoye, da hayaƙi. Ta sa Umma ta fita da Sani maƙwabta, ta toshe hancinta da gefen mayafi, ta durƙusa ta ajiye kaskon a bakin ƙyauren, tana karanta Ayatul Kursiyyu tana fifita hayaƙin ciki da mafici. Ni da nake nesa sai da idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya shaƙe. Daga ciki aka fara karta ƙyauren da ƙarfi, aka yi wani irin kuka, Hajiya ta ƙara ɗaga murya tana cewa ai sun fara ji a jikinsu. Sai kartar ta yi rauni. Sai ta tsaya.

Shirun nan ne ya buɗe mini baki. Na faɗa kan Hajiya na riƙe hannun maficin na ce, "Hajiya, Kwalli ce. Ni na saka ta. Ƙarya na yi miki."

Na rufe ido ina jiran mari, bai zo ba. Da na buɗe sai na ga fuskar Hajiya ta canza, ashe ita ma tsoro ne ya kama ta, irin nawa. Ta ce, "Yau kwana nawa?" Na ce uku. Ta yi salati, ta sa ƙafa ta shure kaskon, garwashi ya watse a shigifa. Ta ce, "Kin so ki sa in kashe rai da hannuna, ina karanta sunan Allah a kai." Tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga tabarma ta shiga madafi ta fito da taɓarya. Kwaɗon Baba, wanda ko taɓa shi ba mu isa mu yi ba, ta riƙa dukansa har sai da marikin ya tsinke daga bango.

Hayaƙi ya fara fitowa da warin fata da na kashin mage. Kwalli tana kwance a bayan ƙyauren, ta zama ƙashi da gashi, bakinta a buɗe, idanunta na zubar da ruwa. Na ɗauka ta mutu, sai na ga cikinta yana ɗagawa. Hajiya ta yayyafa mata ruwa, ta ɗaga kai, ta miƙe tana tangaɗi. Na durƙusa na miƙa hannu ina kiran sunanta. Ta dube ni, ta yi baya, ta buɗe baki ta yi mini huci, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na tsince ta. Ta raɓa ta gefena ta je bakin rijiya ta sha ruwan da ya kwanta a ƙasa, ta daɗe tana sha. Daga nan ta kama tarin itacen Umma da ƙyar, ta haye katanga, ta bi kan soraye.

Da Baba ya dawo ya ga ƙofar, ya ga fatu huɗu da farce ya yaga, Hajiya ta ce masa ita ta fasa, kuma ba ta son jin wata magana. Ya sa aka gyara marikin, bai yi mini faɗa ba, sunana ma bai daina kira ba. Ba wanda ya sake zancen kai Kwalli ko'ina, domin ba ta sake sauka gidanmu ba. A kan sorayen unguwa ta koma zama. Nakan hango ta da yamma a bakin indararon maƙwabta tana lasar hannu, ta murmure, gashinta ya dawo yana sheƙi. Kullum sai na ɗora mata abinci a kan katanga, wani lokaci Hajiya da kanta take rage nama ta ba ni in kai. Takan ci, amma sai ta ga na shige ɗaki. Haka muka yi har na gama firamare, daga nan na daina ganinta.

Yanzu an rushe yawancin sorayen nan an yi rufin kwano, mage ba ta da hanyar da za ta bi daga gida zuwa gida ba ta taka ƙasa ba. Ni ma ina aure a Gwale, 'yata tana da farar mage mai katin rigakafi da kwanon cinta na musamman, tana kwana a kan kujera ba mai cewa uffan. 'Ya'yana suna yi mini dariya saboda ba na kulle ɗaki, ko sito ko kicin, sai na shiga na leƙa bayan kaya na kira mus-mus, ko da kuwa ina ganin magen kwance a tsakar gida. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Hajiya ta yafe mini tun ranar, Baba ma haka, wajen Allah kuma ina sa rai. Kwalli ce kawai ban san yadda ake roƙonta ba.