Ɗelu da Tab ɗin Makarantar Rumaisa

Shekara huɗu muna ƙofa da ƙofa da Ɗelu a unguwar Danau Kota a Malesiya, ban taɓa ganin mace mai zargi irinta ba. Ko abinci ta saya a kedai, sai ta buɗe ta shinshina a gaban mai shagon. Mijinta Halliru yana karatun dakta, ita kuma tana gida tana buga tatsuniyoyin marigayiya kakarsu Iya a kwamfutarsa, saboda 'yarta Rumaisa, wadda in an yi mata Hausa take amsawa da Turanci. Abin nan yana ci wa Ɗelu rai ƙwarai.

A 2016 makarantar Rumaisa ta raba wa yara tab a kulle, ba ya buɗe komai sai littattafan makaranta. Ɗelu ta ce da gangan ne, so ake yara su manta gida. Da yake karatun kwamfuta ya kawo ni Malesiya, sai ta kawo min shi naɗe a cikin hijabi kamar kayan sata.

Na haɗa shi da kwamfutata, na lallaɓa na sa masa manhajar karatu daga waje. Tana tsaye a kaina.

"Me kika danna yanzu, Kamila? Ina abin ya tafi?"

"Ba inda ya tafi, ki zauna mana."

Ba ta zauna ba. Da kanta ta zuba tatsuniya talatin da bakwai a ciki, sannan ta goge su daga kwamfutar Halliru, wai abokansa suna ara. Na ce ta tura wa kanta ta imel.

"Imel? In wayi gari in ga labarin Iya yana yawo a guruf da sunan wata? Allah ya kiyaye."

Na ce to ta bar min kwafi. Kallon da ta yi min ya sa na janye maganar, amma har ga Allah na ji haushi.

Dabarar kuwa ta ci. Rumaisa ta fara karantawa a motar makaranta, ta dawo tana tambayar mene ne gauraki. Ɗelu har ƙiba ta yi a watannin nan.

Ƙarshen zango makaranta ta karɓi tab ɗin yara duka don sabuntawa. Na Rumaisa ya dawo fes, babu manhajar, babu tatsuniya ko ɗaya.

Ɗelu ta buga min ƙofa ana azahar, ko sallama babu.

"Ranar nan da kika haɗa shi da kwamfutarki, kin kwashe, ko?"

Raina ya ɓaci, na fara rantse-rantse. Sai ta kama hannuna.

"Don Allah ki ce kin sata, Kamila. Wallahi ba zan yi fushi ba."

Na buɗe kwamfutar muka duba tare har la'asar, alhali na san ban ɗauki komai ba.