Kwalin Donat na Vern Pasko

Duk wanda ya taɓa kafa ƙusa a Duluth, garin nan na bakin tafki, ya san Vern Pasko. Ko bai san sunansa ba, ya san farar a-kori-kurarsa da kwalin donat, wato soyayyen burodi mai sukari, da yake fitowa da shi daga cikinta. Dillalin kayan gini ne na wani babban kamfani a garinmu. Aikinsa ya bi magina har inda suke aiki, ya ji abin da suke bukata, katako ne ko kwanon rufi ko tagogi, ya sa a kawo musu kafin su fara zagi. Ya haura shekara talatin yana wannan yawon, har kujerar motar ta lotsa daidai jikinsa.

Vern bai yi jami'a ba. Yana gama sakandare ya shiga siton kamfanin yana loda siminti, a lokacin sanyin da mutum zai taɓa ƙarfe hannunsa ya manne. Daga sito aka ɗauko shi zuwa kanta, daga kanta aka haɗa shi da wani tsohon dillali mai suna Arne, ya riƙa bin sa a mota yana koyon hanya. Ya auri Doreen, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Dukansu suka girma suka tafi Minneapolis, kuma babu wadda ta taɓa nuna tana son sanin bambancin katakon bene da na rufi. Abin ya ɗan tsaya wa Vern a rai.

A sana'ar nan akwai wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba. Dillali ba ya shiga wurin gini hannu rabbana, sai da kwalin donat. Kuma wanda ya riƙo kwalin, shi ne mai wurin. Mai koyo sai dai ya biyo baya ɗauke da samfurin tayil ko na fenti. Magina ba sa karanta sanarwar kamfani, hannu suke kallo. Vern kansa bai taɓa kwalin ba sai ranar da Arne zai ajiye aiki, ya miƙa masa shi a gaban kafintoci, ya ce, "Daga yau wannan za ku riƙa zagi." Vern ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga.

Da yake bakinsa da zaƙi, shi kamfani yake aikawa jami'a duk shekara, ranar da kamfanoni suke baje kolin ayyukansu ga ɗaliban da za su gama. Teburinsa ba ya tara jama'a, don yara duk sun yi layi a wajen bankuna da masu kwamfuta. Sai ya tsaya yana ɗaga murya kamar mai talla.

"Ku zo nan, 'yan boko! Duk wanda ya yi kuɗi a wancan layin gida zai gina, kuma wajenmu zai zo. Ka shigo da digirinka, ka yi sito, ka yi kanta, ka hau hanya, kafin ka ankara ka zama manajan reshe. Mu ba ma yar da mutum."

Wannan maganar ta ƙarshe da zuciya ɗaya yake faɗin ta, kuma ita ce ta tsayar da Colby Renner. Siririn saurayi ne mai digirin kasuwanci, sanye da kwat ɗin da ko makaho ya shafa ya san ta aro ce. Ya ce uwarsa wanki take yi a asibiti, kuma ba ya son aikin da zai raba shi da garin. Vern ya dubi takalmansa, ya ga sun sha jiki amma an goge su tas. Washegari ya shiga ofis ya kafe, ya ce ko a ɗauki yaron nan ko a nemi wani mai zuwa jami'a.

Da Colby ya gama zaman sito da kanta, aka sa shi a motar Vern. Nan fa Vern ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ya nuna masa wanda ake yi wa wasa da wanda ba a yi wa, da wanda in ya ce gobe yana nufin jiya. Ya gaya masa sunayen karnukan magina. Ya ba shi labarin Arne da kwali, ba sau ɗaya ba. Ranar Lahadi kuma Colby yana teburin Doreen yana cin gasasshen nama da dankali, tana ƙara masa tana cewa iskar tafki za ta ɗauke shi.

"Ka ba ni shekara uku, yaro," in ji Vern. "In na kai shekarun fansho, ni da hannuna zan miƙa maka."

"Ni ba na sauri, maigida," in ji Colby.

Ana nan aka kawo sabon manaja, Halvorsen, mutum mai yawan murmushi, irin murmushin da ba ya kai wa ido. Ya ce daga yanzu duk Litinin Vern zai zauna a ofis ya amsa waya, Colby kuma za a tura shi kwas. Vern bai kawo komai a ransa ba. Har alfahari ya yi wa Doreen, wai sun fara gane darajar yaron.

Wata Talata da safe ya tsaya a wani gini da ake yi a bakin tafki, na Gus Lindahl, ɗan kwangilar da suka tsufa tare. Ya fito da kwalinsa yana fito da baki. Sai ya ga wani kwalin a kan tarin katako, na gidan burodin da yake saye, babu komai a ciki sai ɓurɓushin sukari.

"Kai, tsohon banza!" Gus ya ƙwala masa kira daga kan tsani. "Ashe ajiye aiki za ka yi, shi ne ko ka gaya mana? Kana tsoron mu ce ka saya mana abin sha?"

"Wa ya ce zan ajiye?"

"Wa kuwa zai ce? Yaronka mana. Ai ya daɗe yana zuwa duk Litinin, da kwali a hannu. Muka ce shi ke nan, Vern ya miƙa. Tagogin gidan nan ma a wajensa na yi oda." Gus ya sauko, ya dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya. "Vern. Ba kai ka ba shi ba?"

Vern ya ajiye nasa kwalin kusa da wancan, ya koma mota. Ya tayar da ita ya nufi kamfani.

A bayan sito ya samu Colby yana duba lodin kwanon rufi. Yaron na ganin sa ya sha jinin jikinsa.

"Maigida, ka tsaya ka ji. Halvorsen ya ce ko ni ko ya kawo wani daga Minneapolis. Na ga gara ni, ko ba komai na san mutanenka."

"Ka ci naman Doreen ranar Lahadi, ka tashi Litinin ka je ka sayi kwali?"

"Na so in gaya maka, na rasa ta inda zan fara."

"To, na ji. Abu ɗaya zan tambaye ka. Halvorsen bai taɓa sa ƙafa a wurin gini ba. Wa ya gaya masa maganar kwali?"

Colby ya sunkuyar da kai yana murza safar hannunsa. Nan Vern ya gane. Da kamfani ne kawai ya yi masa haka, da ya zage su ya huce, don ya san halin kamfani. Amma wannan labarinsa ne, abin da ya fi ƙauna a duk rayuwarsa ta aiki, shi yaron ya ɗauka ya kai ofis a matsayin dabara. Ya ji an ci amanarsa har cikin ƙashi, kuma ya ji kunya, irin ta wanda ya yi ta yabon mutum a gaban matarsa.

Halvorsen bai kore shi ba, ai su ba sa yar da mutum. Ya mayar da shi kanta, ya ƙara masa wani suna mai daɗin ji, wai jakadan kamfani a makarantu. Vern ya so ya jefa masa makullin mota a fuska. Amma maganin ciwon zuciyar Doreen a kan inshorar kamfanin yake, don haka ya ajiye makullin a hankali, har da godiya. Doreen ta rage kujera ɗaya a teburin Lahadi, ba ta sake ambatar sunan yaron ba.

Da shekara ta zagayo, aka sake tura shi jami'a. Halvorsen ya ce ya tafi da donat, wai yana jawo ɗalibai. Vern ya fito daga mota da allon talla a hammata, jakar takardu a kafaɗa, kwali a hannu, yana ta fama da ƙofar zauren. Wata ɗaliba mai fara'a ta rugo ta riƙe masa ƙofar.

"Ku ne masu kayan gini? Wajenku na zo! An ce kuna koya wa mutum aiki tun daga tushe."

"Muna koyarwa," in ji Vern. "Komai da komai."

"Kayan sun yi maka yawa, Baba. Kawo kwalin in riƙe maka."

Ta miƙo hannu. Vern ya ja da baya da sauri har allon ya zame ya faɗi ƙasa, ya ƙanƙame kwalin a ƙirjinsa da hannu biyu.

"Ɗauki allon," ya ce. "Kwalin ba shi da nauyi."