Saukar Malam Garba Mai Ƙofa

Duk wanda ya yi noman rani a wajen Bunkure ya san tsayuwar kakana, Malam Garba Mai Ƙofa, a bakin kanal: hannu ɗaya a ƙugu, ido ɗaya a kanne. Shekara da shekaru shi ke buɗe ƙofar ruwa yana rufewa. Ga sandar awo nan kafe cikin ruwa da lambobinta, amma ko kallon arziki bai taɓa yi mata ba. In injiniya ya ce ya duba lamba, sai ya ce, "Yaro, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Abin haushin, sau tari shi ke da gaskiya.

To, wannan mutumin ne 'ya'yansa suka haɗu suka biya wa kujerar Makka. Muna ta murna, shi ko ya ce allambaran. Wai wani alhaji ya ba shi labarin yadda jirginsu ya nutse cikin gajimare, ba a ganin sama ba a ganin ƙasa, har suka sauka.

"Ba na shiga motar da direbanta ba ya ganin hanya," in ji shi.

Kawu Sale, babban ɗansa, ya yi lallashi har ya gaji. Lokacin tashin alhazai na ta matsowa, kuma a shekarun Kaka ba mai tabbacin baɗi. Ni da nake koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, sai na sa manhajar koyon tuƙin jirgi a kwamfutata, na aro sandar tuƙi, na kai masa zaure bayan la'asar. Na ce ya tuƙa da kansa ya gani.

"Angona, da wannan ƙaramin ake farawa, mai farfela ɗaya. Ba ya gudu, in ka yi kuskure yana yafewa."

Ya kai hancinsa jikin allo. "Amarya, raini ne ya kawo haka? Ai wannan injin ban ruwa ne aka ɗaura wa fukafukai! Da wanne ake kai alhazai?"

Na nuna masa ƙaton. Ya ce shi za a ba shi. Ko tashi bai yi ba, jirgi ya bar titi, ya kutsa cikin ciyawa, ya kife. Kaka ya nuna ciyawar.

"Gonar wa ke nan?"

"Kaka, hoto ne fa."

"Babu ƙasar da ba ta da mai ita. A je a ba shi haƙuri."

Washegari da bakinsa ya ce a kawo ƙaramin, wai don kada a ƙara yi wa mutane ɓarna.

Kun tuna babur ɗinsa, yadda yake kashe inji tun daga kan gadar kanal ya gangaro shiru kamar ɓarawo? To, ranar da ya fara ɗaga ƙaramin jirgin sama, aka zo sauka, sai ya sa hannu ya kashe masa inji.

"Innalillahi! Kaka, me ka yi?"

"Gangara muke yi. Wane wawa ne ke ƙona mai a gangara?"

Jirgi ya yi ta lilo har ya dire a kan bishiya, nesa da titi. Ina ta dariya har da hawaye, ya ce, "Yi ta yi. Amma duba tanki, ai da saura."

Sai muka zo kan ainihin rigimar. Na cika allo da gajimare, na nuna masa allurai biyu a gaban matuƙi, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na ce su ake bi, ba taga ba. Ina! Ya yi ta goge allon da hannun riga, wai ko gajimaren zai yaye. Faɗuwa kam har na daina ƙirgawa.

Na ce, "Kaka, saƙon rediyo ne ke fitowa daga bakin titi, ya miƙe sama kamar kanal. Allurar tsaye ta gaya maka ka kauce dama ko hagu, ta kwance ta gaya maka ka yi sama ko ƙasa da yawa. Ruwan da kake turawa gona, ido gare shi?"

"To tun farko ki ce kanal aka haƙa a sama mana! Wa ke riƙe da ƙofar?"

Ya gane sarai, amma ya ci gaba da faɗuwa. Wata rana na tausaya masa, na cire gajimaren gaba ɗaya ban gaya masa ba. Allo fes, ga titi ɓaro-ɓaro. Sai na ga ya sake ɗaga hannun riga yana gogewa.

"Amarya, yau kin cika gajimaren nan."

Ashe gajimaren a idonsa yake. Makonni ina yi wa tsohon nan dariya, ban lura ba. Kunya ta rufe ni.

"Tun yaushe, Kaka?"

Ya sauke hannunsa daga allon. "Tun damina. Kada ki gaya wa Sale. Ba jirgi nake tsoro ba, 'yar nan. Ni Garba, a ce sai an ja ni a gaban Ka'aba?"

Na ce, "Riƙe sandar. Ni zan karanta maka allurai."

Hagu kaɗan. Ya isa. Sauke hanci. Rage wuta, kar ka kashe! Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya bi maganar wani ba gardama ba sai ranar. Tayoyi suka taɓa titi, jirgi ya tsaya.

"Mun sauka?"

"Mun sauka."

"Ban ga komai ba."

"Matuƙin ma haka yake yi."

Ya saki sandar a hankali, ya ce, "Kira mini Sale."

An kai shi asibiti, likita ya ce idon an makara. Haka ya hau jirgi, hannunsa a kafaɗar Kawu Sale. Suna isa Madina ya sa aka kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Amarya, direban nan ya ɗan buga mu da ƙasa. Na gaya wa Sale, da ke ce a kusa da shi da ba a yi haka ba."

Ya sauke farali, ya dawo, ranin da ya biyo baya ya rasu. Ya Allah, ga tsohonmu nan ya kama tafiyar da ba mai karanta masa hanya sai Kai. Ka riƙe hannunsa, Ka yafe masa, Ka sauke shi lafiya a Aljanna. Amin.