Duniyoyi Huɗu a Bayan Mota

Mun tashi da asuba daga Kagara, ni da 'yata da ƙwarya huɗu. Gasar kimiyya za ta je a Minna, ita kaɗai makarantarsu ta tura, kuma ƙarfe goma za a rufe ƙofa. Sati uku ta yi tana fama da ƙoren nan, ina tsokanarta ko sana'ar fura za ta fara. Manyan biyu ta bar su wayam, wai duniyoyin Mushtari da Zuhal ne, kusan duk iska. Ƙananan biyu, Yuranus da Naftun, waɗanda ake kira ƙattin ƙanƙara, ta cika su da sitaci mai bula.

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura. Kuɗin mota ya sake tashi, ramukan hanya kuwa suna nan yadda na san su. Na yi ta duba agogo har maƙwabcina ya tambaya ko asibiti za mu.

A Zungeru muka tsaya sayen ƙosai, 'yata ta leƙa but ɗin motar, sai na ji salati. Ashe ɗan kamasho da ya ga ƙore ya yi abin da kowa ke yi da ƙore: ya jera su wata cikin wata don a samu wuri. Sitacin ya tsiyaye, duniyoyi huɗu sun zama ɗaya. Ba ta yi kuka ba.

Tara da kwata muka shiga Minna, zafi har ya fara. Ni tela ne, na san inda sitaci yake. Muka tari keke zuwa Dutsen Kura, wurin wani dattijo mai wanki da guga, mutumin kudancin Kaduna. Ya ji bayani, ya ɗora ruwa.

"Yarinya ya yi kokari, Oga. Bari na dama masa mai kauri."

Ya ƙi karɓar ko sisi. Muka isa zauren gasar a guje, ƙoren na tururi.

Wata alƙaliyar gasar ta taɓa ɗaya ta janye hannu. "Ke, an ce ƙattin ƙanƙara, kin kawo mana abu da zafi?"

'Yata ta ce, "Malama, cikinsu ma zafi ne da kauri. Yawancinsa ruwa ne da amoniya da makamantansu, abubuwan da ke daskarewa can nesa da rana. Da su aka ginu, shi ya sa aka raba su da manyan biyu."

Ta zo ta biyu.

Bayan la'asar muka iso gida, ƙoren a kan cinyata. Na yi murna, amma kunya ta fi yawa. Sati uku tana wannan aiki a tsakar gidana ban taɓa cewa ta yi min bayani ba, sai da na je Minna na ji daga kujerar baya, tare da baƙi.