Ɗumin Farar Kwamfuta

Kailu mai gyaran kwamfuta a kasuwar Filinge ya san halin kowane kamfani kamar yadda ya san halin maƙwabtansa. Kwamfuta biyu ya ajiye wa kansa, baƙa da fara. Baƙar, wurin da ake jan yatsa a jikinta taurin kai gare shi, ka ja gabas kibiya ta yi yamma, amma in ka rufe ta barci take har sai ka tashe ta. Farar kuwa santsi, yatsa ya taɓa ta bi, sai dai barcinta ba amana. Kuma Kailu ba ya kashe tsohuwar kwamfuta, rufewa kawai yake, don ya sha ganin wadda aka kashe ta ƙi tashi.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, ƙanwarsa Balkisu ta haihu a Kwatano, ba hanyar zuwa gida. Mahaifiyarsu, Inna Rakiya, tana kwance a ƙauye cikin Tondikandiya, jiki ya yi nisa, ido ya dushe, hoton waya ba ya ganuwa gare ta. Burinta ɗaya, ta ga jikan.

Kailu ya daɗe tsaye tsakanin kwamfutocin. Farar ya ɗauka, don da ita zai iya buɗa fuskar jaririn ta cika allo. Ya zuba mata hoton jaririn da Balkisu ta turo, ya cika batir, ya rufe, ya sa a jaka.

A mota, sun wuce shingen sojoji ke nan ya ji cinyarsa na ɗumi. Munafukar ta farka cikin jaka tana shan batir! Ga shi an matse shi tsakanin buhuna, ko hannu ba ya iya zarowa, kuma ƙauyen ba lantarki.

Da isarsa ya durƙusa gaban Inna, ya buɗe. Allo baƙi ƙirin. Ya danna, ya sake dannawa. Shiru.

"Ina ɗiyan Balki?" in ji ta.

"Yana ciki, Inna. Wuta ce ta ƙare."

"Miƙo man shi hakanan."

Ya ɗora mata a ƙirji. Ta rungume, sannan ta fara jijjigawa a hankali.

"Kailu," ta ce, "ashe da ɗuminai ka kawo man shi."

Kailu ya juya fuska bango, hawaye suka zubo masa.