Takalman Mazajen Kaka

Ban yi lekkol ba, ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani, rabi hanya ce ta koya mini, rabi Kaka Hassu, uwar babana.

Lokacin muna zaman baƙunta a Tamanrasset, a ɗaki biyu na bulo can gefen gari. Babana na bin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Assamaka kan iyakar Nijar, sai ya yi sati bai kwana gida ba. Daga Kaka sai innata sai mu yara. Ƙyauren langa-langa ne, akuya ma ta ture shi. A shekarun nan ɓarayi sun matsa wa gidajen ƴan Nijar, don sun san ba ma kai ƙara. Wanda ya je wurin jandarma, takardarsa ta zama a ƙasar za a fara tambaya.

In an yi magariba Kaka takan jawo wani buhu. Tsofaffin takalman maza ne a ciki, ta roƙo su wurin samarin Damagaram masu aikin gini, duk siminti ya ci su. Ta jera su a bakin ƙofa ta waje, ta share rairayin wurin sumul, ta jingina taɓarya bayan ƙyaure. Sannan ta hura gawayi mu kewaye ta, don sanyin duwatsun nan ba ya wasa.

Abin ya dame ni, na tambaya.

"Kaka, takalman su wa ne?"

"Na mazajena. Kishi kake, angona?"

"Ai waɗancan biyun duk na hagu ne."

"Ɓarawo ƙirga yake, ba gwadawa ba. Zauna, ga ta nan tafe."

"Ta iso mu ji," in ji mu.

Wai wata tsohuwa ce a bakin daji, ita da akuyarta. Kura ta sa musu ido. Tsohuwa ba mashi, ba ɗa, ba kare. Sai ta tsinto takalman maharba da suka tsinke ta zuba a ƙofa. Kura ta zo ta sunsuna, ta ce, "Iya, baƙi kika yi?" Tsohuwa ta hau minshari kala uku: na ƙato, na siriri, da na mai mura. Nan Kaka takan yi mana su duka, har innata ta ƙware da dariya. Kura ta koma gefe tana jira maharba su fita. Ta jira har rana ta fito, yunwa ta kore ta.

Na ce, "To da ta shigo fa?"

Kaka ta nuna bayan ƙyaure da haɓa. "Ita wannan ba ta minshari. Ƙurunƙus, a kwanta."

Wata safiya ta kama hannuna ta kai ni ƙofa. A kan sharar jiya akwai sawu manya, ba na gidanmu ba. Sun zo daf da takalman, sun tsaya, sun juya.

"Ɓarawo ne?"

"Oho. Ban fita na gaishe shi ba."

Na girma na zama direba. Wata rana na ɗauko dabino zan gangara kudu ni kaɗai, ana ta maganar masu tare hanya. Ba ni da bindiga, ban taɓa riƙewa ba. Na tayar da buhu huɗu zaune a bayan mota, na naɗa musu rawani, na yafa musu bargo. Ƙarfen kwance taya na ajiye gefen ƙafata.

Wata mota marar lamba ta biyo ƙurata. Ta matso, ta jera da ni daga nesa, ta daɗe. Na ci gaba da tuƙina. Can ta karya kai ta shige bayan tudu.

Har yau ina juya abin. Ƙila masu tare hanya ne, ƙila masu neman raƙumi ne da ya ɓata. Kaka ma ba ta san mai sawun nan ba har ta koma ga Allah. Abin da na sani, taɓaryarta ta tsufa ba ta daki komai ba sai gero, ƙarfena kuma taya kawai ya sani.

Takalman suna ƙofata yanzu. Biyun nan har yau na hagu ne.